Amsa ga Hajiyar da gam ya ɓata wa tayil da teburi

Wa alaikumus salam Hajiya. Na karanta tambayarki. Kin ce za ku tashi daga gidan haya a Agege, kun ɗaga ledar tsakar ɗaki sai gam ya bar baƙin shati a ƙasa, ga kuma Super Glue da yaro ya zubar a teburin cin abinci, har an ba ki shawarar ki zuba fetur. Don Allah ki ajiye maganar fetur ɗin nan tukuna. Shimfiɗa leda da kafet da ɗaga su ita ce sana'ata a Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba har Mile 12, kuma abin da ke ɗakinki gam ne iri biyu, kowanne da maganinsa. Kafin ki zuba komai ki san wane gam ne, ki kuma san a kan me ya zauna, don yawancin ɓarnar da nake tararwa a gidaje maganin da aka zuba ne ya yi ta.

Bari mu fara da ƙasa, tunda nan ne mai gida zai duba kafin ya mayar miki da kuɗin ajiya. Gam ɗin da muke manna leda da shi shi ne ruwan ɗorawan nan mai wari, irin Evo-Stik da danginsa, wanda masu gyaran takalmi ke amfani da shi. Roba ce aka narkar, idan ruwan ya tashi sai robar ta zauna, ƙura ta hau kanta ta yi baƙi. Shi ya sa ko kwana za ki yi kina dirza da omo ba zai motsa ba, roba ba ta jin ruwa.

Idan tayil ne mai sheƙi, aikin da sauƙi. Ki sayi sikirafa irin ta masu fenti, ki kwantar da bakinta sosai a ƙasa ki kankare kaurin gam ɗin, kada ki tsayar da ita tsaye. Abin da ya rage, ki jiƙa tsumma da kananzir ki shimfiɗa a kai, ki rufe da leda don kada ya bushe, ki ba shi kamar minti 15. Za ki ga ya yi laushi yana naɗewa kamar cingam. Ki kwashe, sannan ki wanke wurin da ruwan ɗumi da omo nan take, don kananzir yana barin santsi kuma akwai yara. A nan mutane ke kuskure: suna so su jiƙa ɗakin gaba ɗaya lokaci guda. Ki riƙa yin tayil huɗu ko biyar, ki gama ki matsa gaba, tagogi a buɗe. Inda ya ƙi, musamman bakin ƙofa da gefen bango inda muke zuba gam da yawa, ɗan tina na masu fenti yana cire shi, amma ki sa safar hannu. Layin da ke tsakanin tayil kuwa tsohon buroshin haƙori ne maganinsa.

Dalilin da na hana ki fetur shi ne tururinsa. Ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, ya fita ta ƙarƙashin ƙofa, kuma ko a sanyi yana kama wuta. Ki duba yadda gidajenmu na haya suke a nan, ɗaki na kallon ɗaki, maƙwabciya ta kunna risho ko gas a baranda, wani ya tayar da janareto a bayan taga. Ba sai wutar ta shigo ɗakinki ba. Kananzir bai kai shi saurin kamawa ba, amma shi ma a nisanta shi da wuta, kuma ki saya a wurin da kika yarda da shi, don gurɓataccen kananzir da aka gauraya da fetur ya sha jawo gobara a ƙasar nan.

Idan kuma ƙasan tarazo ne, irin na tsofaffin gidajen Mushin da Ebute Metta, ko mabul, to ki bar kananzir da duk wani mai, dutsen yana shansu ya bar tabon da ya fi gam ɗin muni. Kada kuma ki bari a ce miki lemun tsami ko binega, tsami yana cin mabul, sheƙin ya mutu, sai an kira masu injin gogewa. A nan ruwan zafi da sabulu da sikirafa za ki yi haƙuri da su, ragowar ki goge da asiton, wato sinadarin da ake sa wa a ruwan goge jan farce, shi yana tashi da wuri ba ya zama a dutse.

Sai teburi. Super Glue da damshin iska yake daskarewa, shi ya sa a Legas kafin ki ɗauko tsumma ya riga ya kama. Ma dai gara da ba ki goge shi yana ɗanye ba, don idan ya haɗu da auduga zafi yake yi har ya ƙona yatsa, kuma gogewa baza shi take yi. Abin da ke narkar da shi asiton ne, wanda ke cikin ruwan goge jan farce, sai dai ki karanta jikin kwalbar don wasu babu shi a ciki. Idan teburin gilashi ne, ki ɗiga ki jira kaɗan ki kankare da sabuwar reza a kwance. Fomika, wato fallen nan mai santsi da ake mannawa a saman teburin katako, ita ma tana jurewa idan ba a bar shi ya daɗe ba.

Katako mai fentin sheƙi ne nake jin tsoro. Asiton ba ya bambance gam da fenti, duka yake narkarwa, ki wayi gari da farin tabo a tsakiyar teburi. Ki fara da man gyaɗa ko Vaseline a kan gam ɗin da kewayensa, ki bar shi ya kwana, da safe ki sa gefen tsohon katin ATM ki riƙa ɗaga shi daga baki a hankali. Sau da yawa ɓallewa yake yi gaba ɗaya. In ya ƙi, ki gwada asiton a ƙarƙashin teburin inda ba a gani, sannan ki taɓa kan gam ɗin kaɗai da tsinken goge kunne, ki goge, ki sake. Teburin roba kuwa kada asiton ya kusance shi ko kaɗan.

Ba ki ce ko ya taɓa jikin yaron ba. In yatsu suka manne, a jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu, a shafa mai, a riƙa murzawa a hankali, kada a fizge. Wanda ya rage a fata da kansa zai faɗi cikin kwanaki. In ido ne, kada a buɗe da ƙarfi, a ɗora tsumma mai ruwan ɗumi a wuce asibiti.

Tunda tashi za ku yi, sauran ma za su fito. Shatin sitika a firji ko ƙofa, ki hura masa drayar gashi ki ɓare, sauran ki goge da man gyaɗa sannan sabulu. Gam ɗin ɓera ma mai ne ke sakinsa. Farin gam na kafintoci irin Top Bond, jiƙaƙƙen tsumma mai ɗumi ya ishe shi. Salatif a bango ki ɗumama kafin ki ja, in ba haka ba da fentin zai taho. Kuma duk abin da za ki yi, kada ki haɗa ruwan bilic irin Hypo da asiton ko binega, hayaƙi mai guba suke fitarwa.

Ki gama aikin ƙasan kwana biyu kafin mai gida ya zo dubawa, don warin kananzir ya fita. In ba ki tabbatar ko tayil ne ko tarazo ba, ki turo hoto kafin ki fara. Allah ya sa ku tashi lafiya.