Filin Masu Fatsa: Ina kifin bas ya shige da kaka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗan Yawuri ne, ina karatu a garin Murray da ke jihar Kentaki a Amurka. A watannin Yuni da Yuli wani abokina mai ƙaramin jirgi yana ɗaukata zuwa tsakiyar tafkin Kentaki, muna kama bas masu nauyi da koton roba mai nutsewa can ƙasa. Yanzu ga Oktoba, wuri ɗaya, koto ɗaya, amma sai mu wuni ko taɓawa babu. Kifin ne ya ƙare, ko mu ne ba mu iya ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Kifi na nan lafiya lau. Abincinsa ne ya tashi, shi kuma ya bi shi, ya bar ku kuna gadin kango.

Kogin Tenesi aka datse a shekarar 1944 aka samu wannan tafki, tsawonsa mil 184, faɗinsa wajen eka 160,000. Lokacin zafi bas kan taru a gaɓar tsohuwar hanyar kogin da ruwa ya shanye, inda ƙasa ke yankewa ta faɗa zurfi. Nan kuka same su. To da kaka dare na ƙara tsawo, ruwa na hucewa, sai ƙananan kifin nan masu ƙyallin azurfa da ake kira shad su kama hanya garke-garke zuwa lungunan rafukan da ke zuba cikin tafkin. Su ne tuwon bas. Kai da ka tashi a bakin Kainji ka san giwan ruwa ba ya zama inda ƙananan kifi suka watse, haka shi ma wannan. Wasu manya kan rage a tsakiyar tafki, amma a warwatse suke, neman su sai mai na'urar duba ƙarƙashin ruwa da haƙuri mai yawa.

Ga kuma hukumar TVA mai kula da madatsar. Kowace shekara tana sauke saman ruwan daga ƙafa 359 sama da matakin teku na lokacin zafi zuwa 354 na hunturu. Ƙafa biyar kamar ba komai ba ce a baki, amma a gefen yamma inda ƙasa take shimfiɗe, za ka ga taɓo ya fito fili mai nisa, kututturan da ba ka taɓa gani ba sun leƙo. Idan ruwa na janyewa, bas ba ya son a ritsa shi a tudu. Yakan koma bakin ɗan kwarin da ke ratsa tsakiyar lungu, ya laɓe jikin kututture ko dutse yana jiran garken shad.

Saboda haka gobe kada ku nufi tsakiya. Lungun Blood River na kusa da ku, na Jonathan Creek na arewa kaɗan. Ku shiga daga baki, ku rage gudu, kada kowa ya jefa ƙugiya tukuna. Idanu za ku sa. Ku duba inda zalɓe ya tsaya cak a bakin ruwa, da inda fararen tsuntsayen ruwa ke shawagi suna sukuwa ƙasa, da inda saman ruwa ke ɗan tsattsage kamar ana yayyafi alhali sama garau take. In kun zaga lungu ba ku ga ɗaya daga cikin waɗannan ba, ku fita ku shiga na gaba, komai kyan wurin. Wannan shi ne abin da ya fi wuya ga mai fatsar da ya saba zama wuri guda, kuma shi ne rabin aikin kaka.

Sai maganar koto, inda nake so ka nutsu. Shad ɗin da aka ƙyanƙyashe a bana bai wuce tsawon yatsa ba, inci biyu zuwa uku. Wancan ƙaton koton na Yuli ka mayar da shi akwati. Da asuba, kafin rana ta ɗaga, ɗaura mai yawo a saman ruwa irin Zara Spook, kana ɗan girgiza kan sanda ƙasa-ƙasa yana tafiya dama da hagu. Za ka ga ruwa ya fashe a bayansa, gabanka ya faɗi. Kada ka fizga a lokacin. Bari sai ka ji nauyi a hannunka, domin sau da yawa bugun farko kifin kuskure yake yi, ya sake dawowa. Rana ta fito, koma kan koton Rat-L-Trap mai launin azurfa da shuɗin baya, ƙaramin, ka wurga shi nesa ya wuce garken, ka jawo ta ƙasansu, jifa-jifa kana tsayawa ya ɗan nutse. Manyan bas a ƙarƙashin garke suke kwanciya suna jiran wanda ya jikkata ya faɗo. A wurin kututture kuwa na fi yarda da koto mai faffaɗan leɓe a gabansa, wanda ba ya nutsewa fiye da ƙafa huɗu ko biyar. Da gangan za ka buga shi jikin itacen, don lokacin da ya karkace ne ake cafke shi.

Iska abokiyarka ce a wannan lokaci. Gaɓar da take bugawa nan shad ke taruwa, nan kuma farin koto mai faifan ƙarfe biyu masu juyawa yake aikinsa. Ranar da ta fi wahala ita ce wadda ta biyo bayan wucewar hadarin sanyi: sama shuɗiya, iska ta ɗauke, kifi ya ƙi motsi. Ranar sai tsutsar roba, a ja ta a hankali dab da kututture. Ko kuma ku tsallaka gefen gabas, wajen Land Between the Lakes, yankin dajin da ke tsakanin tafkuna biyu, inda tsakuwa da duwatsu suka yi hanci cikin ruwa, ku nemi nau'in bas ɗin da ake kira mai ƙaramin baki.

In za ka kai gida a yi miya, doka ta yarda, amma mai babban baki da mai ƙaramin baki duka sai ya kai inci 15, kuma lasisinka ya kasance a aljihu. Ka karanta ɗan littafin dokokin bana, musamman in za ku gangara kudu ku shiga ruwan jihar Tenesi.

Ina roƙonka da abokin naka, ku bi tsakanin alamomin hanya idan za ku yi gudu, don ruwan da kuka keta lafiya a Yuli yanzu kututture ne a ƙarƙashinsa. Akwai kuma manyan kifin kaf na Asiya da suka mamaye tafkin, ƙarar inji ke sa su tsalle, suna iya faɗowa cikin jirgi su buge mutum. Rigar ceto a jikinka za ta kasance tun daga bakin gaɓa, ba a ƙarƙashin kujera ba. Ka rubuto mini a Nuwamba in ji lungun da kuka same su.