Aikin gini ya tsaya lokacin korona: yaya aka farfaɗo?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ƙaramin ɗan kwangila ne a Mabera, cikin garin Sakkwato. A 2020 aiki biyu suka tsaya mini, leburorina suka watse, na cika na ƙarshe da bashi. Yaya sana'ar nan ta tashi bayan korona, kuma me zan tanada in wata annoba ta sake zuwa, Allah ya kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Ba kai kaɗai ba ne. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna ɓangaren gine-gine ya ja baya da kusan kashi 32 cikin 100 tsakanin Afrilu da Yunin 2020.

A nan Sakkwato, cutar kanta ba ita ta fi karya mu ba, don aikinmu a fili yake, cikin iska da rana. Hanya ce ta toshe, kuɗi kuma suka ƙafe. An hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa 1 ga Yuli, iyakarmu da Nijar ta Illela kuwa tun Agustan 2019 take rufe, sai a Disamban 2020 aka buɗe ta. Siminti muna da shi a gida, ga kamfanin BUA nan a Kalambaina, amma rodi da kwano da tayil da wayar lantarki yawanci daga Legas ko Kano suke zuwa. Farashin man fetur ya faɗi a duniya, gwamnati ta rage kasafi, darajar naira ta sauka daga kusan 306 zuwa 360 kan dala. Wanda ya karɓi aiki a tsohon farashi, da aljihunsa ya cike giɓin.

Waɗanda na ga sun miƙe da wuri su ne waɗanda ba su saki mutanensu ba. Wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe. Birkila nagari da kafintan da ya iya ɗaura katakon dekin, wato rufin kankare, ba a samunsu a bakin titi rana ɗaya. In ya koma gona ko ya kama kabu-kabu, da wuya ya dawo. Ko rabin kuɗin yini ne, ko kwanon gero a ƙarshen mako, yana riƙe mutum. Wasu sun raba ma'aikata gida biyu, ana somawa bayan asuba a tashi kafin azahar, ga bokitin ruwa da sabulu a bakin shiga. Da yake azumin shekarar a ƙarshen Afrilu ya kama, tsarin ya yi wa kowa daɗi.

Sai takarda. Mu nan da amana muke aiki, kuma abu ne mai kyau, amma ka rubuta cewa in kaya suka tashi ko hukuma ta hana fita, za a sake zama kan farashi da wa'adi. Ka karɓi kuɗi mataki-mataki: harsashi, linta, rufi, sannan ƙawa.

In tsayawa ta zama dole, ka zaɓi inda za ka tsaya. Kada ka soma zuba dekin sai kana da kayan gama shi a ranar, kuma a ci gaba da ba shi ruwa aƙalla kwana 7 ko da kowa ya tafi. Rodin da ya rage a waje a shafe shi da ruwan siminti kafin damina. Rodi da bulo suna jure ajiya. Siminti kuwa ƙarfinsa yakan soma raguwa bayan wata 3, don haka kada ka tara shi da yawa, wanda ka saya kuma ka ɗora shi kan katako, nesa da bango.