Ina ake kai ƙasar sama idan za a haƙi kwal?

TAMBAYA: Malam, ni manomi ne daga wajen Gombe, kusa da inda ake haƙar kwal a Maiganga. Wani ɗan'uwana da ya yi karatu a Amurka ya ce can ba a ba kamfani lasisin haƙar kwal sai ya yi alkawarin adana ƙasar sama ya mayar da ita bayan ya gama. Gaskiya ne? Kuma me ya sa ake damuwa da ƙasa haka?

AMSA: Ɗan'uwanka bai yi ƙari ba, Malam. Dokar tana nan tun 1977, lokacin da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan dokar tarayya ta kula da haƙar kwal a sarari da gyaran ƙasa bayan haƙa. Kafin nan, a jihohi irin su West Virginia da Kentucky da Pennsylvania, kamfani zai yaye gefen tsauni, ya kwashe kwal, ya bar ramuka da tsibin duwatsu, ruwan rafi ya koma ja kamar tsatsa saboda asid ɗin da ke fitowa daga duwatsu masu farar wuta idan suka sha iska da ruwa.

Kai manomi ne, ka fi ni sanin bambancin baƙar ƙasar da garma ke juyawa da jar ƙasar da ake fitarwa in ana haƙa rijiya. Ta saman nan ita ce mai rai: a cikinta ake samun tsutsar ƙasa, wato tana, da ruɓaɓɓen ganye, da irin ciyawa da ke jiran damina, da ƙananan halittun da ido ba ya gani waɗanda ke ciyar da saiwa. Idan katafila ta cakuɗa ta da dutsen ƙasa, shi ke nan, ba taki da zai dawo da ita a rayuwar mutum ɗaya. Shi ya sa dokar ta ce a kwashe ta daban tun kafin a fara fasa dutse. Inda kaurinta bai kai inci 6 ba, wajen santimita 15, an yarda a haɗa ta da ƙasa mai laushi da ke ƙarƙashinta a ɗauka tare. In an tara ta tsibi, sai a wuri mai ƙarfi a cikin filin lasisin, nesa da guba, ba a bin kanta da manyan motoci, kuma a shuka mata ciyawa mai saurin fitowa don kada iska da ruwa su tafi da ita. Ni dai a ganina abin da ya fi shi ne a ɗauko ta a shimfiɗa kai tsaye a ɓangaren da aka riga aka cike, domin ƙasar da ta shekara da shekaru a tsibi, cikinta yakan rasa iska, halittun su mutu.

Idan filin gona ce mai daraja ta ɗaya, sharaɗin ya fi tsanani. A kwashe kowane hawa na ƙasa daban, a mayar da su bi da bi yadda aka same su, zurfin ya kai inci 48, kuma sai gonar ta ba da amfani kwatankwacin maƙwabtanta da ba a taɓa ba. Sauran filaye kuwa a cike rami, a daidaita shi kusa da siffarsa ta asali.

Wani kuskure da aka daɗe ana yi shi ne lallaɓe fili da katafila har ya yi sumul. Ido zai ga kyau, amma ƙasa ta zama daɓe, saiwar bishiya ba ta ratsawa. Masu binciken daji a yankin tsaunukan Appalachia da ke gabashin Amurka sun nuna cewa gara a bar kamar ƙafa 4 na sama a sake, ba a danne ba.

Amma abin da ke sa kamfani biyayya shi ne kuɗi. Kafin a ba shi lasisi sai ya ajiye jinginar da za ta ishi hukuma ta yi gyaran da kanta in ya gudu, kuma ba ta gaza dala 10,000 ba. Ana sakar masa kashi 60 cikin ɗari bayan ya cike rami ya daidaita fili, wani kason bayan shuka ta kama, ragowar sai an sa ido shekara 5, ko shekara 10 a wuraren da ruwan sama bai wuce inci 26 a shekara ba. Raunin tsarin ya bayyana a 2015 da 2016, da manyan kamfanoni kamar Alpha Natural Resources da Peabody suka shiga fatara alhali wasu jihohi sun bar su sun tsaya wa kansu lamuni ba tare da ajiye kuɗi ba. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin jinginar da ba ta hannun hukuma alkawarin baka ce kawai.

A nan gida ma dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisi gabatar da shirin kare muhalli da gyaran fili, da zuba kuɗi a asusun gyara. Ku haɗu da mai unguwa ko dagaci ku nemi a nuna muku wannan shiri, ku tambaya a ina aka tara ƙasar sama, ku je ku gani da idonku ko an shuka mata ciyawa.