Nawa zan tanada don haihuwar matata a asibiti?

Ɗan'uwa, ka tambayi kuɗin da za ka ajiye kafin maiɗakinka ta sauka. Allah Ya raba lafiya. Gaskiya kuɗin gadon asibiti ba shi ke karya mutum ba. Abin da ke zuwa ba zato shi ne tiyata, ledar jini, da magungunan da ake rubuto maka ka sayo a waje cikin dare. Lokacin haihuwar ɗana na biyu sai da na sayar da tunkiyata.

Tun wajen awo ka tambayi kuɗin tiyata, ka tanadi 'yan'uwa biyu masu ba da jini. In a Kano kake, ka yi mata rajistar KSCHMA, wato hukumar inshorar lafiya ta jihar. Tun 2022 dokar NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ta wajabta inshorar lafiya a Najeriya.