Kiranye, Ƙorafi da Ƙarko: Amsoshi Kan Camry Masul da Honda Henesi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Zariya, ina da mata da yara huɗu. Na yi tari shekara uku, yanzu an nuna mini Camry ta 2008, wadda ake kira Masul, 'yar Kwatano. Sai ƙanena ya duba intanet ya ce mini kamfanin ya sha yi wa wannan mota kiranye a Amurka, har da batun totur da ke maƙalewa. Jikina ya yi sanyi. In haƙura da ita ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ƙanenka bai yi ƙarya ba, sai dai rabin labarin ya ba ka.

A watan Agusta na 2009, kusa da San Diego, wani jami'in 'yan sandan hanya da mutum uku na iyalinsa suka mutu a cikin wata Lexus, ƙirar kamfanin Toyota, bayan kafet ɗin ƙarƙashin ƙafa ya danne totur, mota ta ƙi tsayawa. Daga nan Toyota ta kira motoci kusan miliyan huɗu saboda kafet, Camry na cikinsu. A Janairun 2010 aka sake kiran wasu miliyan 2.3, wannan karon saboda totur ɗin kansa na iya yin nauyin dawowa. Maganar ba ta mutu nan ba, don a 2014 kamfanin ya biya gwamnatin Amurka dala biliyan 1.2 saboda ya ɓoye abin da ya sani. Akwai kuma na Oktoban 2012, wanda ba a cika ambata ba: makunnin gilashi na ƙofar direba, wanda kan yi zafi har ya narke, ya shafi Camry ta 2007 zuwa 2009.

To amma mene ne kiranye? Kamfani ne ya amsa cewa ga wata illa mai haɗari, ga kuma gyaranta, a kawo a yi kyauta. Wato ciwo ne da aka san sunansa, aka san maganinsa. Don haka ba a tambayar sau nawa aka kira Masul. Abin tambaya shi ne wannan da ke gabanka, mai ita na can ya kai ta an yi mata aikin, ko kuwa takardar ta zo masa ya jefa a kwandon shara?

Kuma sanin haka ba wuya. Kowace mota tana da lambar shasi, haruffa da lambobi 17. Ka leƙa ta waje, kusurwar gilashin gaba ta ɓangaren direba, za ka gan ta. Ka buɗe ƙofar direba, tana nan a liƙe jikin ginshiƙi. Su zama iri ɗaya, su kuma dace da ta takardun kwastan. Sai ka ba ƙanen naka ya shiga shafin NHTSA, hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta Amurka, ya zuba lambar a wurin duba kiranye. Ba a biyan ko sisi. In akwai aikin da ba a yi ba, zai iya fitowa, sai dai ba lallai ne shafin ya nuna kiranyen da ya wuce shekara 15 ba.

Tunda kana gaban lambar, ka ƙirga zuwa ta goma. Ita ce shekarar mota: 7 na nufin 2007, 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A na nufin 2010, B kuma 2011. Na taɓa raka wani abokina wurin wani dillali da ya rantse mana motarsa ta 2010 ce, ga fitilu da bamba irin na 2010 suna ta sheƙi. Na durƙusa na ƙirga, sai ga 7 zaune a gurbi na goma. Da na nuna masa, ko gezau, ya ce ai "an ɗaga ta" ne a gareji, kamar wani abin alheri aka yi mana. Kuɗin 2010 yake nema.

Yanzu ga abin da ya fi damuna da motar nan, kuma ba ya cikin jerin kiranye ko kaɗan, tunda ba a ɗauke shi haɗarin rai ba: shan baƙin mai. Masul mai silinda huɗu ta 2007 zuwa 2009 tana da injin lita 2.4 da ake kira 2AZ-FE. Da yawa daga cikinsu ringin fistin kan daina share mai yadda ya kamata, sai man ya riƙa shiga wurin wuta yana ƙonewa. Ba za ka ga ɗigo a ƙasa ba. Mota za ta kwana a tsakar gida, siminti fes, amma ka zaro geji bayan sati biyu ka tarar mai ya sauka. Ƙorafi ya yi yawa har Toyota ta ƙara wa'adin garanti zuwa shekara 10 ko mil 150,000, ta ce injin da ya sha kusan lita ɗaya a mil 1,200, wato wajen kilomita 1,900, a sake masa fistin da ringi. Wa'adin nan ya daɗe da wucewa. In taka na sha, daga aljihunka ne.

Ka je ganin motar da sassafe, ba tare da ka sanar ba, kafin a ɗumama ta. Ka sa a tayar, kai kana tsaye a baya kana kallon salansa. Shuɗin hayaƙi alama ce. Ka zura yatsa cikin bakin salansar, in ya fito da baƙin maiƙo mai danƙo, wata alamar ce. Ka zo da bakanikenka, ba na dillali ba, ya kwance fulogi ya duba ko sun jiƙe da mai. Ka zaro geji ka murza man tsakanin yatsu: in ya yi kauri kamar zuma, an zuba mai nauyi ne don a rufe bakin injin har ciniki ya faɗa.

In za ka iya ƙara kuɗi, ni dai ta 2010 ko 2011 zan nuna maka. Jiki ɗaya ne, amma an sauya mata inji zuwa lita 2.5 da giya shida, kuma ba ta yi suna da wannan ciwo ba. In kuwa kuɗin bai kai ba, kuma ta 2008 ɗin ta tsallake gwajin da na faɗa, saya. Kayan gyaranta na nan birjik a Panteka da Ƙofar Ruwa, kuma babu garin da za ta tsaya maka a rasa wanda ya san cikinta. Kafet ɗaya tak a ƙarƙashin ƙafar direba, a maƙale shi da ƙugiyarsa. Ɗabi'armu ta shimfiɗa roba a kan kafet a kan darduma, ita ce ainihin abin da aka yi kiranyen a kansa.

Tambaya: Na ga wani shafi da ke nuna Camry ta 2007 ta fi wasu motoci da yawa tarin ƙorafi, amma kowa a gari cewa yake Toyota ba ta mutuwa. Wa zan yarda da shi? Daga wata ma'aikaciyar jinya a Katsina.

Amsa: Hajiya, duka biyun. A 2007 kaɗai an sayar da Camry sama da 470,000 a Amurka. Gidan da ya fi yawan mutane shi ya fi yawan masu tari, ba don ya fi rashin lafiya ba. Ƙorafin nan kuma masu mota ne ke rubutawa da kansu, ba wanda ya tantance kowanne. Ki bar ƙirga yawansu, ki karanta ki ga wane abu ne ke ta maimaituwa. A wannan mota za ki yi ta cin karo da shan mai, sai dashbod da ke narkewa ya yi danƙo a rana, yana ƙyalli a gilashi har ya hana ganin hanya. Ki tuna ranar Katsina, ki shafa dashbod ɗin da hannu kafin ki biya. In an lulluɓe shi da kyakkyawan ƙyalle, ɗaga.

Tambaya: Ina da Honda Accord ta 2002, Henesi, gadon mahaifina. Lafiyarta ƙalau. An ce mini iyabag ɗinta na kisa. Gaskiya ne, ko zancen masu son in sayar musu da araha?

Amsa: Allah Ya jiƙan mahaifinka. Wannan kam ba zancen dillalai ba ne, kuma ya sha bamban da abin da na gaya wa Malam a sama.

Kamfanin Takata na Japan, wanda ya ƙera wa Honda da wasu kamfanoni iyabag, ya yi amfani da sinadarin amoniyam naitiret, irin wanda ke cikin takin zamani, wajen hura iyabag, wato jakar iskar da ke kare direba in an yi karo. Shekaru, zafi da danshi suna lalata shi. Ranar da aka yi karo, maimakon ya hura jakar, sai ya fashe da ƙarfin da ke tarwatsa gwangwanin ƙarfen da yake ciki, ɓaraguzai su nufi fuska da wuyan direba. An kira iyabag kusan guda miliyan 67 a Amurka, kiranye mafi girma a tarihin motoci a can, kuma kamfanin ya durƙushe a 2017. Mafi muni su ne na farko-farko, kuma Accord ta 2001 da 2002 na cikin wannan rukuni. A Fabrairun 2023 Honda ta ce duk wadda ba a gyara ba a cikinsu, kada a tuƙa ta sam.

Ka duba lambar shasi yau, ba gobe ba. In ta nuna an riga an sauya, alhamdulillahi, ci gaba da hawa. In ba a sauya ba, ka nemi wakilin Honda na hukuma da lambar a hannu, ka tambayi sabon abin hurawar. Kada ka yarda bakanike ya ɗauko maka na gwanjo daga wata Henesi da aka farke, don mai yiwuwa irin wancan ne sak, kuma ya sha rana fiye da naka. Masu Accord har zuwa 2012 da masu Corolla daga 2003, su ma su duba tasu.

Sannan duk lokacin da ka murza makulli, ka kalli fitilar iyabag a dashbod. Ya kamata ta kama na 'yan daƙiƙu, sannan ta mutu. In ta zauna a kunne, akwai matsala. In kuma ba ta kama ba ko sau ɗaya, to mai yiwuwa wani ne ya cire ƙwan.