Ya sake ni, yanzu kuma wai sai na ba shi yara

TAMBAYA: Salam Malam, don Allah a taimaka min. Mijina ya sake ni wata biyar kenan, yaranmu biyu, namiji ɗan shekara 7 da mace 'yar shekara 4, yanzu ya aiko wai in kawo masa su tunda na gama idda, kuma ko sisi bai taɓa aikowa na abincinsu ba. Wai yana da wannan ikon? Daga wata baiwar Allah, Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya kawo sauƙi. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'ar Musulunci ke bi a Arewa, riƙon yara bayan saki na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Gama idda bai canza komai ba. Abin da yakan sa riƙon ya bar hannunki shi ne in kin yi wani aure, ko a nan ma ba uban ne a gaba ba, mahaifiyarki ce, kuma maza da yawa ba sa son jin wannan.

Ci da sha, sutura, magani, duk a wuyansa suke gwargwadon ƙarfinsa ko yaran suna wajenki. Ki fara da manya ko Hisba, in ya ƙi ki kai ƙara kotu alƙali ya yanka masa na wata-wata, ki riƙe takardar sakin da rasit ɗin asibiti da na makaranta. Amma fa kar ki hana shi ganinsu.