Amsa ga ɗan'uwan da barewarsa ta tsallaka shingen maƙwabci a Ohayo

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka, kuma ban iya wuce ta ba, domin irin abin da ya same ka ya taɓa samuna, har yau kuma bai bar raina ba. Ka ce ka harbi barewa da kibiya a gonar abokin aikinka da ke kudancin jihar Ohayo ta Amurka, ta tsallake shingen waya ta shige dajin maƙwabcinsa, ka je gidan ka ƙwanƙwasa ba ka sami kowa ba, ka dawo ka tsaya a bakin shingen har duhu ya yi, sannan ka koma gida hannu rabbana. Kana tambaya ko ka yi daidai da ba ka tsallaka ba, da kuma abin da ya kamata ka yi idan haka ta sake faruwa.

Ka yi daidai, kuma ina roƙonka kada ka saurari 'yan'uwan da suka ce maka da ka yi wuf ka shiga ka jawo ta tunda babu mai ganinka. A Ohayo doka ba ta bar wata kafa ba: ba a farauta a ƙasar wani sai da izininsa a rubuce, kuma bin dabbar da aka ji wa rauni ko ɗauko wadda ta mutu duk suna ƙarƙashin wannan hukunci, ko da a wurin da kake da izini ka harbe ta. Wanda aka kama a karon farko yana iya fuskantar tarar da ta kai dala 500 da ɗaurin da ya kai kwana 60. Maganar cewa babu mai ganinka ma ba gaskiya ba ce, saboda masu dazuzzukan nan suna ɗaura kyamarori a jikin bishiyoyi, wasu kuma suna aika hoto zuwa wayar mai su nan take. Bayan doka akwai abin da ya fi ta girma, wato ranka. Kai baƙo ne, baƙar fata, ɗauke da makami, a bayan gidan mutumin da bai san ka ba, da almuru, a ƙauyen da kusan kowane gida yake da bindiga. Babu naman da ya kai a saka iyali cikin wannan fargaba.

Nawa abin ya faru ne a watan Oktoba, a gefen dajin gwamnati na Wayne, wajen garin Atens na Ohayo. Duk wanda ya yi farauta a can ya san yadda dajin yake a yayyanke, ɓangaren gwamnati a nan, gonar wani a can, har mutum ya yi tafiya kaɗan ya tarar da kansa a bakin iyaka. Na yi bisimilla na saki kibiya daga baka mai kunama, ta sami namijin barewa a bayan kafaɗa, sai dai ya ɗan motsa daidai lokacin, kibiyar ta ja baya kaɗan. Na jira yadda ya kamata, na sauko na bi jini, jinin ya kai ni har shinge. Daga inda na tsaya ina hango shi kwance a gindin wata bishiya, tazarar ba ta wuce jifa da dutse ba, yana ɗaga kai yana mayarwa.

Na mayar da makamina mota, na zagaya ta titi zuwa gidan. Mutumin ya fito, dattijo ne, ya tsaya daga bayan ƙofar raga, bai buɗe ba. Na gaishe shi da ladabi, na faɗa masa sunana da inda nake aiki, na nuna masa lasisina da takardar izinin harbin barewa, na ce ba na son komai sai ya ba ni izini in shiga in ƙarasa dabbar in fitar da ita, ko kuma shi ya raka ni, ko ma shi da kansa ya je ya harbe ta ya riƙe naman gaba ɗaya. Bai amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ya tambaye ni shi ne daga wace ƙasa na zo, da kuma wanda ya nuna mini wannan wuri. Na amsa masa. Ya dube ni tun daga hula har takalmi kamar wanda ya kama ɓarawon akuya, ya ce duk abin da ya faɗi a ƙasarsa nasa ne, kuma idan ya ga ƙafata a bayan shingen zai kira 'yan sanda. Na ce masa dabbar tana da rai, tana shan wahala. Ya ce wannan damuwata ce, ya rufe ƙofa.

Na kira jami'in kula da namun daji na gundumar, kuma Allah ya saka masa da alheri, ya saurare ni, ya kira mutumin a waya ya roƙe shi. Dattijon ya yi kememe ya ƙi. Jami'in ya faɗa mini gaskiya cewa ba shi da ikon tilasta wa mai ƙasa, iyakarsa roƙo. Na koma bakin shingen na zauna. Malam, ban san yadda zan kwatanta maka wannan zama ba. Wuƙata tana aljihuna, dabbar da ni na ji mata ciwo tana gabana, ina jin numfashinta idan iska ta lafa, kuma ba ni da halin in taka in yanka ta in hutar da ita. Hadisin da aka koya mana tun muna yara shi ne ya yi ta dawo mini, wanda ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, idan za ku yanka ku kyautata yanka, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Na yi sallar magariba a nan kan ganyaye, na yi ta roƙon Allah ya gaggauta ɗaukar ranta. Fitilar barandar gidan tana kunne, na tabbata yana kallona ta taga, amma bai fito ba. Sai da sanyi ya shiga jikina sosai na tashi.

Da na dawo bayan 'yan kwanaki, daga ɓangaren gwamnati na hango gawar tana nan inda take, ungulaye sun cika wurin, amma an sare kan an tafi da shi. Ƙahon yake so. Naman da zai ciyar da gida na tsawon watanni ya bar shi ya ruɓe, bayan ya bar dabbar ta kwana cikin azaba, duk saboda ƙahon da zai rataya a bango. Da ya ce mini ƙahon yake so, wallahi da hannuna zan sare in miƙa masa. Na yi ƙoƙarin in yafe masa, kuma ina fata Allah ya ba ni ikon cika wannan, amma duk lokacin da na bi ta wannan titi sai na ji ƙirjina ya yi nauyi.

Ban ba ka wannan labari don ka tsani maƙwabta ba. Yawancin waɗanda na nemi izininsu sun ba ni, har akwai wata tsohuwa da ta sa jikanta ya ɗauko babur mai ƙafa huɗu ya taya ni jan barewa zuwa titi. Masu ƙi kuma sukan sami dalilinsu. Wani an taɓa yanke masa waya shanunsa suka fita, wani ya ba da hayar dajin ga wasu mafarauta, wani yana tsoron kada ka faɗi ka karye ka kai shi kotu. Wannan na ƙarshe yana da amsa, domin dokar jihar ta ɗauke wa mai ƙasa alhakin raunin da mafarauci ya ji matuƙar bai karɓi kuɗin shiga ba, kuma faɗa masa haka yakan kwantar masa da hankali.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun a watan Agusta, kafin a buɗe farautar baka a ƙarshen Satumba, ka nemi sunayen duk waɗanda ƙasarsu ta yi iyaka da gonar abokinka. Shafin intanet na ofishin tantance harajin filaye na kowace gunduma yana nuna sunan mai fili da adireshinsa kyauta, manhajoji irin su onX Hunt kuma suna zana iyakokin a kan taswira. Ka je da rana, cikin kayan gida, ba kayan daji ba, kuma abokin aikin nan naka ya shige gaba, domin shi suka sani. Kada ka nemi izinin farauta a ƙasarsu, wannan shi ne yake sa fuska ta canza. Ka ce abu ɗaya kake roƙo, idan dabba mai rauni ta shiga, su yarda ka kira su ka shiga ka ɗauko. Ka riƙe takardar izinin da hukumar namun daji ta jihar take bugawa a cikin littafin dokokin farauta, su sa hannu, ka karɓi lambar waya. Ko da takardar tana aljihunka, ka kira kafin ka taka, saboda mai yiwuwa ɗansa yana zaune a kan bishiya a can yana tasa farautar. Ka tambaya ko ya yarda ka shiga da makami, ka bi hanya mafi kusa, ƙofar da ka tarar a rufe ka rufe ta, kada ka taka waya ka saki shinge. Kayan ciki kuma kada ka zubar masa a bakin hanya ko kusa da ruwan da dabbobinsa suke sha.

Akwai kuma abin da ba ka faɗa a tambayarka ba, wato tsawon lokacin da ka jira kafin ka fara bin jini. Sau da yawa mu ne muke kora barewa ta tsallaka iyaka, domin idan an bar ta takan kwanta kusa ta mutu a nan, amma da zarar ta ji takun mutum sai ta miƙe ta yi gudun da ba a zata ba. Ka duba kibiyar. Jini mai haske da kumfa alamar huhu ce, rabin awa ya isa. Jini mai duhu alamar hanta ce, ka ba ta awa huɗu ko fiye. Idan kibiyar tana wari, da ɓurɓushin ciyawa a jikinta, tumbi ka samu, sai ka janye a hankali ka bar ta awa takwas zuwa goma sha biyu. Kuma don Allah ka duba inda ka kafa mazaunin da kake dakon barewa a kai. Wanda ya zauna daf da shinge yana fuskantar dajin maƙwabci ya riga ya ɓata wa maƙwabcin rai tun kafin ya saki kibiya, kuma kusan duk abin da ya harba can zai faɗa. Ka ja baya sosai zuwa cikin gonar.

Wannan jira yana jawo maganar halasci, wadda na san tana damun da yawa daga cikinmu. Idan ka tarar da ita da rai, yanka ya wajaba. Idan ka tarar ta mutu, hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya nuna cewa wanda ya ambaci sunan Allah ya yi harbi, ya sami dabbar bayan kwana ɗaya ko biyu babu wani tabo a jikinta sai na kibiyarsa, zai iya ci, amma idan a cikin ruwa ya same ta kada ya ci, domin bai sani ba ko ruwan ne ya kashe ta. Mu da muka tashi a kan Risala kuma mun karanta sharaɗin cewa kada dabbar ta kwana ba a gan ta ba. Wannan ya sa ni ba na sakin kibiya idan rana ta kusa faɗuwa sai dabbar ta ba ni gefenta sarai kuma tana kusa. Barewa mai rauni tana yawan gangarawa wajen rafi, dilolin nan da ake kira koyoti kuma ba sa barin gawa ta kai safiya lafiya.

Na fahimci inda masu cewa ka shiga suka samo tunaninsu. A gida, da zarar an kwashe amfani rani ya shiga, mafarauta da karnukansu sukan ratsa gonaki babu mai tare su. A nan ma ba ko'ina doka take da tsauri irin na Ohayo ba. A jihar Ayowa an yarda mutum ya bi dabbar da ya ji wa rauni zuwa ƙasar wani idan bai ɗauki makami ba. A Dakota ta Arewa ma haka ne, ko da an kafa alamar hana shiga. A Minesota mutum zai iya shiga da ƙafa idan babu alamar hani kuma ba a taɓa hana shi ba, ya ɗauka ya fita nan take. Teksas da Wiskonsin kuwa sai da yardar mai ƙasa. Saboda haka ɗan'uwan da ya ba ka shawara daga birnin Miniyafolis na Minesota ba ƙarya ya yi ba, dokar jiharsa ya faɗa, kuma ba ita za a karanta maka a kotun gundumarku ba. Idan ka tsallaka Fensilbeniya ko Indiyana, ka lura da fenti mai launin shunayya a jikin bishiyoyi, matsayinsa ɗaya da allon hana shiga.

Ka ajiye lambar jami'in namun daji na gundumarku a waya, tana cikin littafin dokokin. Ba zai iya tilastawa ba, amma mutane da yawa sukan sassauta idan mai kaki ne ya kira su. Ka nemi kuma lambar masu karnukan bin jini, domin Ohayo ta yarda a bi barewa mai rauni da kare matuƙar yana ɗaure da igiya, sai dai karen ma iyakarsa shinge idan babu izini.

Game da wadda ta riga ta tafi, shawarata ita ce ka koma gidan nan cikin makon nan tare da abokin aikinka, ka faɗa wa mai shi cewa barewarka ta faɗa dajinsa, ka zo ba ka same shi ba, kuma ba ka shiga ba. Gara ya ji daga bakinka kafin ya ci karo da gawar, ga shi kuma mutumin da ya ji cewa ka tsaya a iyakarsa alhali ba ya nan ya fi saurin sa hannu a takarda. Idan Allah ya ba ka wata a bana, ka kai masa cinya ko gadon baya tun kafin ka kai wa kowa. Idan kana jin nauyin zuwa, ka yi mini magana, daga Kolambas, babban birnin jihar, ba nisa ba ne, zan zo ranar Asabar in raka ku.